Waƙa Ɗaya, Sauraro Uku: Nazarin Lamarin Mai Saurin Jin Zafin Sauti da Waƙar Shugez

Matar da wannan nazari ya shafa tana cikin shekarunta na talatin, kuma sana'arta gyaran rubutu ce, wadda take yi a ɗaki ita kaɗai. Na daɗe da saninta, kuma da yardarta nake wannan rubutu, bisa sharaɗin cewa ba za a ambaci sunanta ba. Tun bayan wani lokaci da ciwon ɓarin kai ya matsa mata, kunnenta ya daina jure wasu sautuka da yawancin mutane ba sa ma lura da su, irin su ƙarar cokali idan ya bugi faranti, da kukan birkin mota, da hucin injin busar da hannu a banɗakin jama'a. Likitan kunne ya gwada ta, ya samu jinta lafiya lau, sai dai matakin da sauti ke fara damunta ya sauko ƙasa ƙwarai. Ga mai lafiyar kunne, sauti yakan fara zama abin ƙi ne a wajajen desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amma ita tun kafin a kusanci wurin take ɗaga hannu a dakata. Wannan lalura ita ce likitoci ke kira haifarakusis.

Abin da ya sa lamarinta ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, waƙar da ta fi ƙauna a duniya waƙar shugez ce, wato salon kiɗan da ya yi ƙaurin suna wajen ƙara. A cikin watanni biyu ta saurari wannan waƙa guda a yanayi uku mabambanta. A na farko ta kwantar mata da hankali kamar yadda ta saba, a na biyu ta sa ta kuka, a na uku kuma ta kwantar da ita kwana biyu cur a ɗaki mai duhu.

Salon shugez ya taso ne a Birtaniya da Ailan a ƙarshen shekarun 1980. Ma'anar sunan ita ce kallon takalmi, kuma 'yan jaridar kiɗa na Birtaniya ne suka raɗa shi da sigar zolaya, saboda makaɗan sukan tsaya a dandamali kansu a sunkuye, suna duban jerin fedalolin da ke gaban ƙafafunsu, waɗanda da su suke sarrafa sautin gita. Ƙungiyar da aka fi dangantawa da salon ita ce My Bloody Valentine, wadda aka kafa a Dablin a 1983, kuma jagoranta Kevin Shields ne ya shahara da wata dabara ta riƙe ƙaramin hannun ƙarfen da ke jikin gita yayin da yake kaɗa tsirkiya, ta yadda amon ba ya tsayawa wuri guda, sai ya yi ta lanƙwasa ƙasa yana komowa. Suna da wata waƙa ta 1988 mai suna You Made Me Realise, wadda a faifai take da wani gajeren sashe na zallan ƙara da bai kai minti ɗaya ba, amma a dandamali sukan ja shi ya haura minti goma sha biyar, kuma an sha ruwaito cewa ƙarfinsa yakan kai wajajen desibel 130. Lokacin da suka dawo wasa a 2008, a zauren Roundhouse da ke Landan, sai da aka raba wa jama'a matoshin kunne kyauta, kuma shi kansa Shields ya daɗe yana faɗin cewa yana fama da kukan kunne. Waƙar da matar nan ke so ta wata ƙungiya ce daban, ƙarama, wadda ba sai an ambace ta ba, amma a kan wannan turba take.

Tsawon waƙar ya kai kimanin minti shida. Tana buɗewa da gita guda wadda sautinta ke kumbura a hankali, kamar an kunna shi daga ƙarshe zuwa farko, sannan wasu gitoci su bi ta, ɗaya a kan ɗaya, har kunne ya kasa rarrabe su. Muryar mawaƙiyar tana can ƙasa a cikin kiɗan, ba a fahimtar kalmominta sai tsilli-tsilli, gangunan kuma an tura su baya. Daga minti na huɗu akwai wurin da komai ke ƙara kauri, faranten ƙarfe na mai ganga su shigo da wani irin shuuu da ba ya yankewa, gitocin kuma su koma kamar rugugin ruwan sama a kan rufi.

Kafin a fahimci abin da waƙar ke yi wa kunne, sai an san abin da fedalolin ke yi wa sautin. Fedal mai gurɓata sauti yana aske ƙololuwar igiyar sautin ne, kuma wannan askewa tana haifar da abubuwa biyu. Tana ƙara amo masu tsini da yawa a saman amon asali, wanda shi ne ke ba gitar wannan kaushi, sannan tana rage tazarar da ke tsakanin bugu mai taushi da bugu mai ƙarfi, ta yadda komai ke fitowa kusan a mataki ɗaya. Fedal mai amsa-kuwwa kuwa yana cike giɓin da ke tsakanin bugu da bugu, kuma idan aka juya amsa-kuwwar ta koma baibai, sai a rasa wannan tsinin da ke farkon kowane bugun tsirkiya, sautin ya riƙa tasowa maimakon ya faɗo. Sakamakon haka shi ne kiɗa mai cike da kaushi da tsini, amma wanda kusan babu ba-zata a cikinsa. A ganina wannan haɗin ne tushen lamarin gaba ɗaya, domin kowane ɗaya daga cikin halayen biyu yana jan kunnen mai haifarakusis zuwa wani ɓangare daban.

Sauraro na farko shi ne wanda ta saba yi kusan kowane dare. Takan gama aiki, ta kashe fitila, ta sa hedifon mai rufe kunne, ta sauke ƙarar wayar har ƙasa kafin ta danna waƙar, sannan ta riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan har ta isa inda take so, wanda bai wuce yadda mutum zai ji mai magana a kusa da shi ba. Babban yatsanta yana kan maɓallin ƙara daga farko har ƙarshe, kuma ta gaya mini cewa tun kafin a kai minti na huɗu yatsan yakan sauke ƙarar da kansa, ba tare da ta yi tunani ba, domin ta haddace kowane lungu na waƙar. A wannan yanayi takan ji kafaɗunta sun saki, haƙoranta da ta yini tana datsewa su rabu.

Bayanin wannan ba shi da wuya. Abin da ya fi wahalar da ita da rana shi ne sauti mai faɗowa ba shiri a cikin shiru, kamar ƙofar da iska ta buga ko kofin da aka ajiye da ƙarfi, domin jiki yana zabura ne da saurin tasowar sauti fiye da komai. A cikin kunnen tsakiya akwai wata 'yar tsoka mai suna stapidiyos, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a cikin tsokokin da ke manne da ƙashi a jikin ɗan Adam, kuma aikinta ta ɗaure idan ƙara ta yi yawa, amma kafin ta ɗaure bugun farko ya riga ya wuce ciki. Waƙar da ba ta da bugun ba-zata ba ta tayar da wannan zabura, sannan saboda ta cika kusan kowane mataki na amo, tana rufe ƙananan sautukan gida kamar yadda bargo ke rufe jiki. Masana ji ma da irin wannan suke aiki, inda sukan ba masu haifarakusis da masu kukan kunne wani sauti mai faɗi, marar yankewa, a mataki na ƙasa, domin kunne ya sake sabawa da sauti. Ba na cewa waƙar magani ce, amma a ƙaramar ƙara, kuma a ƙarƙashin ikonta, tana da kama da abin da ake bayarwa a asibiti.

Sauraro na biyu ya faru ne a cikin motar ƙanenta. Ya san tana son waƙar, don haka ya yi niyyar faranta mata, sai dai ya riga ya fara saurarenta kafin ya iso, kuma da ya tayar da mota sai wayarsa ta haɗu da rediyon da kanta, waƙar ta ci gaba daga inda ta tsaya, wato daidai tsakiyar sashen nan mai kauri, a ƙarar da shi ya saba ji idan yana tuƙi shi kaɗai. Ta toshe kunnuwanta da tafin hannu, ta duƙar da kai, ta ji kamar an soka mata tsinke a dodon kunne, hawaye kuma suka zubo tun kafin ta san tana kuka. Cikin ruɗewa ya kashe, ya ce, “Yaya, ai waƙarki ce.” Ba ta iya ba shi amsa ba sai da suka yi tafiya mai nisa.

Duk abin da ya sa waƙar ta zama mafaka a ɗakinta ya ɓace a cikin motar. Ba ta san za a kunna ba, ba ita ta zaɓi ƙarar ba, kuma an tsallake mintuna huɗun farko waɗanda ke shirya kunne a hankali. A nan ne ɗaya halin waƙar ya fito fili. Kunnen ɗan Adam yana jin amo daga kimanin hez 20 zuwa 20,000 (hez shi ne ma'aunin kauri ko tsinin amo), amma ya fi kaifi a tsakanin 2,000 da 5,000, wani ɓangare saboda ramin kunnen da kansa yana ƙara wa wannan yanki ƙarfi, kuma gurɓataccen sautin gita da faranten ƙarfe suna zuba ƙarfi mai yawa a daidai wannan wuri. Ga kuma gilasai da suka kewaye ta suna mayar da tsinin sautin daga kowace kusurwa. Akwai wani abu kuma da masana ke kira kaushin sauti, wanda ke samuwa idan ƙarfin sauti yana karkarwa da sauri, kimanin sau 30 zuwa 150 a daƙiƙa guda, kamar yadda yake faruwa idan amo biyu makusanta suna gogayya da juna. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa ihun ɗan Adam da jiniyar gargaɗi suna da wannan siffa, kuma tana motsa amigdala, sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da tsoro. Gitoci da yawa da ake lanƙwasa amonsu a lokaci guda suna samar da irin wannan gogayya ba ƙaƙƙautawa. A ƙaramar ƙara takan ji shi kamar ɗumi, da aka ɗaga kuwa sai jikinta ya karɓe shi a matsayin gargaɗin haɗari.

Maganar ƙanen nata ta fi ƙarar daɗewa a ranta, kuma ita ce ta kai ta ga sauraro na uku. Ta fara zargin kanta, tana cewa tun da tana iya jin waƙar kowane dare, watakila matsalar tsoro ce kawai, kuma idan ta yi ta maza za ta wuce. Da ta ji ƙungiyar za ta yi wasa a wani ƙaramin zaure, sai ta sayi tikiti, ta sayi matoshin kunne na soso, ta tafi tare da wata ƙawarta.

Lissafin da ya kamata a yi kafin tafiyar ga shi. Ma'aunin desibel ba ya hawa kamar matakala, domin ƙarin desibel 3 kacal yana ninka ƙarfin sautin sau biyu, ƙarin 10 kuma yana ninka shi sau goma, duk da cewa kunne yana jin sa kamar an ninka sau biyu ne. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu, ta yadda a desibel 100 minti goma sha biyar ne ya rage, a 130 kuwa bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar desibel 80 na awa 40 a mako ga manya masu sauraro da na'urorinsu, sannan a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasanni cewa matsakaicin ƙara kada ya haura desibel 100 a cikin kowane minti goma sha biyar, a samar da matoshin kunne, a kuma ware wurin shiru inda mutum zai huta. Dukkan waɗannan alƙaluma an tsara su ne don kare ƙwayoyin nan masu gashi da ke cikin sashen kunne mai siffar katantanwa, waɗanda yawansu a kowane kunne ya kai kimanin 15,000, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ba a tsara su don mai jin zafi tun a matakin da ba ya yi wa kowa lahani ba. A ƙaddara zauren yana desibel 105, matoshin kuma ya rage 20, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga soson da ba gwani ya cusa ba, abin da zai isa dodon kunnenta shi ne 85, kuma wannan kansa ya yi mata yawa.

Waƙoƙi uku na farko ta jure su daga bayan zauren. Da aka fara tata waƙar sai ta matsa gaba kaɗan, jama'a kuma suka cike bayanta. Soso ya fi iya tare amo mai tsini a kan mai kauri, don haka abin da ta fara ji shi ne wani rugugi marar siffa, wanda ba ta kunne kaɗai yake shiga ba, har da ƙirji da ƙasusuwan kai, inda matoshi ba shi da iko. Da aka kai minti na huɗu, makaɗan ba su wuce kamar yadda yake a faifai ba, suka tsaya a kan haɗin amo guda suna ta nanatawa, fitilu masu walƙiya kuma suka kunnu. Ta ce abin da ya fi firgita ta shi ne ta ji babban yatsanta yana danna iska, yana neman maɓallin da babu shi. Ba ta san lokacin da za a gama ba, hanyar fita ta toshe da mutane, kuma ƙawarta ba ta jin abin da take faɗa. Sai da ƙawar ta ga fuskarta, ta kama hannunta, ta ratsa da ita. A waje ta yi amai. Ta kwana da kukan kunne da jin kamar an cika kunnuwanta da ruwa, washegari ciwon ɓarin kai ya taso mata, wanda dama sananne ne cewa ƙara da walƙiyar fitila suna iya tayar da shi.

Ban ga laifin makaɗan ba, domin wannan nutsewa cikin ƙara ita ce abin da yawancin waɗanda suka sayi tikiti suka zo nema, kuma sun fita suna murna. Inda nake ganin an gaza shi ne babu wata sanarwa a kan tikiti ko a ƙofa game da ƙarfin ƙarar da fitilun, kuma babu wurin da mutum zai janye ya huta ba tare da ya bar wasan gaba ɗaya ba. Ita ma tana da nata kason, tun da ta ɗauki shawarar masu lafiyar kunne, wato a sa matoshi a shiga, ta ɗora wa kunnen da ba irin nasu ba.

Abin da ya biyo baya ya kusa fin daren kansa illa. Saboda tsoro ta koma sa matoshi daga safe har dare, a gida da waje, har a wurin cin abinci, ta kuma daina jin kowane irin kiɗa. Bayan 'yan makonni sai ta lura cewa idan ta cire su, hatta ruwan famfo da shafa takarda suna damunta, wato an gudu ba a tsira ba. Likitan kunne ya bayyana mata cewa ƙwaƙwalwa tana da nata maɓallin ƙara, kuma idan aka rage abin da ke shigo mata na tsawon lokaci sai ta ɗaga shi don ta cike gurbin. An ma gwada hakan a kan masu lafiyar kunne, inda aka sa su yawo da matoshi na makonni biyu, daga baya suka riƙa jin sautuka sun fi yadda suka saba ƙarfi. Shawararsa ita ce ta ajiye matoshi sai a wurin da ƙara ke da haɗari na gaske, ta nemi irin na makaɗa mai matata, wanda ke rage desibel 9 ko 15 ko 25 kusan daidai a kowane amo, sannan ta riƙa barin wani sauti mai laushi yana tafiya a ɗakinta maimakon shiru tsit.

Ya kamata a yi hattara wajen ɗora wannan lamari a kan kowa, domin saurin jin zafin sauti iri-iri ne. Mai misofoniya, kalmar da Margaret da Pawel Jastreboff suka ƙirƙira a 2001, ba ƙarfin sauti ke damunsa ba, wasu keɓaɓɓun sautuka ne kamar taunar abinci ko shaƙar hanci, kuma bangon ƙara irin na shugez yana iya zame masa hutu saboda yana ɓoye su. A cikin masu otizim (lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane), waɗanda tun 2013 aka shigar da bambancin yadda suke karɓar sauti da haske da taɓi cikin ma'aunin gano lalurar a Amurka, akwai wanda irin wannan kiɗa ke natsar da shi, akwai kuma wanda cunkoson amon ke rikita shi komai ƙanƙantar ƙarar. Akwai kuma masu nau'in haifarakusis mai zafi sosai, waɗanda sauti kaɗan kan bar musu raɗaɗi na kwanaki, kuma su shawarar a riƙa ƙara sauti a hankali ba kullum take yi musu daidai ba, shi ya sa ba a yin ta sai da likita.

Ta yi kusan wata uku kafin ta sake danna waƙar. A karon farko mintuna biyun farko kawai ta ji, ta ƙaramar lasifika da ta ajiye a can ƙarshen ɗaki, da rana, taga a buɗe. Bayan mako guda ta kai minti na uku. Ta shiga saitin sauti na wayarta ta rage yankin hez 3,000 zuwa 4,000 kaɗan, abin da ya dusashe faranten ƙarfen ba tare da ya ɓata gitocin ba. Yanzu ta koma hedifon, amma takan tsayar da waƙar daidai inda faranten ke shigowa, ta numfasa, wani dare ta ci gaba, wani dare kuma ta cire hedifon ta ajiye. Ƙanenta ya cire haɗin wayarsa da rediyon motar, kuma idan ta shiga, ita yake miƙa wa wayar ta zaɓi abin da za a ji.